Mai Aidin da Mai Dusa

Jakin nan dai Yaya ce ta gano shi, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Wata mata ce ta kawo ƙara ga ƙungiyarsu ta 'yan sa-kai masu ceton dabbobi, Yaya ta rufe shagon ɗinkinta da rana tsaka ta bi maganar har bayan wani gidan bulo. Can ta tarar da shi ɗaure da waya, haƙarƙari duk a waje, ga gyambo a gadon bayansa inda amalanke ta ci shi. Ita ta yi ta cacar baki da mai shi har ya sallama. Ƙanwarta Auta kuwa, aikinta a ranar bai wuce toshe hanci da gefen mayafi ba.

A rumfar ƙungiya likitan dabbobi ya ce a riƙa wanke ciwon da ruwan gishiri ana sa aidin. Auta ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Sai aiki ya raba kansa: Yaya da auduga da kwalba, Auta da kwanon dusa.

To, a nan rashin adalcin ya shigo. Auta na turo ƙofa jakin zai kece da kuka, ya zo yana cusa hanci a jikinta. Har suna ta sa masa, wai Dattijo. Yaya kuwa, da ya shaƙi warin aidin a hannunta sai ya kwantar da kunne ya juya mata baya.

"Yaya, ko dai jininku ne bai haɗu ba?" in ji Auta, tana dariya tana sosa masa wuya.

Yaya ta yi yaƙe. Kishi ne ya cika ta fal, ta kuma san abin kunya ne mace da girmanta ta yi kishin ƙanwarta a kan jaki. Sanin bai rage komai ba. Ta zo masa da ɓawon kankana a ɓoye, ya ƙi ko kallonsa. Auta na miƙa masa ya cinye har da lasar yatsu. Ran da 'yan ƙungiya suka zo ɗaukar hoto, Auta aka tsayar kusa da shi, aka ce Yaya ta ɗan matsa don tana firgita shi.

Washegari Yaya ta zo hannunta naɗe da tsumma.

"Almakashi ya yanke ni. Yau ke za ki wanke masa."

"Haba Yaya, ni fa ban iya ba."

"Ai mutuminki ne, me zai yi miki?"

Auta ta matsa. Dattijo ya tsaya mata cak, don bai taɓa ganin sharri daga wannan hannun ba. Audugar na sauka a kan ɗanyen nama ya zabura, ya yi harbi, bokiti ya kife. Ya koma lungu jikinsa na ɓari. Wani daɗi ya ratsa Yaya har cikin ranta.

Daɗin bai kai yamma ba. Auta ta kawo dusa, ya juya baya. Aka ajiye masa kwanon aka fita, bai taɓa ba. Gari ya waye dusar na nan yadda take, Auta na zaune a ƙasa tana sharar hawaye. Likita ya duba shi ya ce wannan jikin ba zai jure yunwa ba. Duk duniya hannu ɗaya tak bawan Allahn nan ya yarda da shi, Yaya kuma ta ɓata masa.

Ta warware tsumman a gaban Auta. Babu ko ƙwarzane. Auta ta dubi hannun, ta dubi fuskar yayarta.

"Tashi ki wanke hannu da sabulu, ki canza kaya," in ji Yaya. "Kada ki ƙara taɓa kwalbar nan."

Da Auta ta dawo da kwanon, Yaya ta tsiyaya aidin a tafinta, ta shafa har gwiwar hannu, ta nufe shi kai tsaye. Dattijo ya shaƙa, ya kwantar da kunne, ya yi ta ja da baya har ya ci karo da Auta. Ya shinshina ta. Sai ya cusa kansa a bayanta yana neman mafaka. Auta ta sauke masa kwanon a hankali, can sai ga ƙarar tauna.

Yaya ta tsaya tana kallonsu, kishin na nan daram bai je ko'ina ba. Ta bari sai da ya suɗe kwanon, sannan ta jiƙa auduga.

"Riƙe min kan mutuminki," ta ce.