Gawayi da Gishiri a Ƙofar Gwaggo Hasana

"Ku tone shi," in ji Lawal. "Har ƙasa."

Ina zaune a shagon ɗinkina a unguwar Sheshe, komai a kan idona. Ramin kwanansa uku kacal a gindin bangon uwarsa, Gwaggo Hasana mai ƙanƙara. Firij ɗinta ne ya addabe ta, da ta taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu sai ya fizge ta. Shi ne ta kira Isyaku mai gyaran wuta. A gabana ya haƙa rami iya cinya, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya kwarara ruwa, ya ɗaura waya ya zura ta ta bango har jikin firij. Ya ce mata duk wutar da ta ɓace hanya nan za ta bi ta shige ƙasa, ba ta jikinta ba. Tun ranar firij ya shiga taitayinsa.

To, shekarar ce soja za su miƙa mulki, Lawal kuwa ya tsaya takarar kansila. Tsautsayi, hoton abokin hamayyarsa ne manne a keken Isyaku.

Magoya bayan Lawal biyu suka sa diga. Gawayi ya fito, gishiri ya biyo baya.

"Kun gani ko?" in ji Lawal. "Wa ke binne baƙi da fari a ƙofar gida in ba mai sammu ba?"

Gwaggo ta fito, mayafi a karkace. "Lawal, ni na sa shi. Firij ɗin nan kama ni yake yi."

"Inna, koma ciki. An ga tsufanki ne za a kayar da ni ta hannunki. Shekara nawa yana kama ki, kin mutu?"

Sai ta juyo wajena. "Malam Jibrin, a gabanka aka yi. Gaya masa."

Tutocin jam'iyyar Lawal ne a kan keken ɗinkina, shi ya ba ni ɗinkinsu. Na sunkuyar da kai na ce ni ban san kan aikin wuta ba. Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Lawal ya zare sandar da hannunsa, ya tsinke wayar, ya aika wa Isyaku kada ya ƙara taka lungun.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, Gwaggo ta wanke ɗaki, ƙafarta ba takalmi, aka kawo wuta. Ban ji ihunta ba, faɗuwar kwano kawai na ji. Da taɓarya matan maƙwabta suka raba hannunta da murfin firij.

A zaman makoki Lawal yana karɓar gaisuwa, idonsa jajir.

"Ni aka nufa," yana gaya wa duk wanda ya durƙusa. "Abin da suka binne ne ya faɗa kanta. Da ma na tone shi da wuri."

Mutane suna gyaɗa kai. Da ya kalle ni, ni ma na gyaɗa.

Ya ci zaɓensa. Ramin an cike shi, amma gishirin bai gama fita ba. Kullum da safe in na buɗe shago, awakin lungun suna nan a gindin bangonta suna lasar ƙasa.