Hayaƙin Zaiba

Shekara huɗu Sabi'u ya yi a ramukan zinariya na arewa kafin ya komo ƙauyensu kusa da Gangara. Matarsa Zuhaira ce ta fara lura da hannuwansa. Karkarwa suke, ko kofin shayi ba ya kaiwa baki sai rabi ya zube. Dasashinsa na zubar da jini, kuma mutumin da a da ko akuya ba ya iya tsawata wa, yanzu abu kaɗan ke tayar masa da zuciya.

Wata safiya jakinsu ya ƙi tashi. Sabi'u ya ɗauki taɓarya ya yi ta kirɓarsa a ka har ya daina motsi. Da Zuhaira ta riƙe masa riga, ya juyo da taɓaryar ya sauke mata a hannu, ta ji ƙashin ya ce ƙas. Yayansa Haruna ya shigo da gudu, Sabi'u ya tare shi da dutsen niƙa a fuska. Haƙoran Haruna uku suka faɗi cikin yashi, idon hagu ya cika da jini.

Maza shida suka danne shi. Suka ɗaure shi da igiyar rijiya a gindin aduwa, aka ce iskokin daji ne, aka yi ta zuba masa bulala kwana biyu har bayansa ya tsage. In bulalar ta tsaya sai ya yi ta kuka yana tambayar wa ya karya Zuhaira.

A Tanout, majo, wato babban ma'aikacin jinya, da ya ɗaure mata hannu ya saurari labarin duka.

"Wannan ya fi ƙarfina," in ji shi. "Akwai likitocin da aikinsu shi ne duba cutar da sana'a ke jawo wa mutum. Ba su da yawa. Na ji akwai wata a Damagaram, amma ban san sunanta ba."

Zuhaira ta hau mota da hannu a rataye. Kwana uku tana yawo a asibitin Damagaram, wannan ofis ya tura ta wancan, wani ma ya nuna mata ɓangaren masu taɓin hankali. A rana ta huɗu wani mai shara ya kai ta wani ƙaramin ɗaki a bayan asibiti, inda ta iske Lokotoro Hadijatu, likita mai furfura.

"Mijinki wane aiki yake?" ta tambaya.

"Zinariya, Lokotoro."

"Haƙa yake, ko ƙonawa?"

Zuhaira ta tuna abin da ya taɓa gaya mata, cewa shi ke gasa curin zinariya a cokali cikin bukka, da wani farin ruwa mai nauyi mai ƙyalli, har ruwan ya tashi hayaƙi.

"Zaiba ke nan," in ji likitar. "Hayaƙinta na shiga ƙwaƙwalwa. Ki kawo shi, kuma a daina dukansa."

Kawo shi ma yaƙi ne. A hanya ya fasa gilashin mota da goshi, ya ciji direba a kafaɗa har sai da aka cusa masa sanda a baki. Haruna ne ya zauna a kan ƙirjinsa har Damagaram, ido ɗaya a naɗe.

Aka aika fitsarinsa awo, sakamako ya tabbatar da maganar likita. Wata biyu yana shan magani. Fushin ya kwanta a hankali, amma likitar ta gaya wa Zuhaira gaskiya, karkarwar ba lallai ta tafi ba. Idon Haruna kuwa ya mutu.

Bayan girbi Lokotoro Hadijatu ta zo tashar Tanout ranar kasuwa, inda motocin arewa ke lodi. Ta roƙi Sabi'u ya tsaya gaban samarin da ke shirin tafiya. Ya miƙa hannuwansa suna rawa, ya ɗaga riga suka ga tabon bulala, sannan ya faɗi abin da ya yi wa matarsa da yayansa, bai rage komai ba. Zuhaira na tsaye gefe tana kallon fuskokinsu. Mutum biyu suka sauke jakunkunansu. Sauran suka karɓi takardar gargaɗin da likita ke rabawa, suka cusa a aljihu, suka hau mota.