Bugun Rijiyar Samba

Tanimu ya haƙa rijiya goma sha tara tsakanin Dakoro da Korahane, ya yashe waɗanda bai ƙidaya ba. Babu wadda ta taɓa ruftawa da mutum. Yanzu ya haura saba'in, gwiwa ta ƙi, dagin haƙarsa yana jingine a kusurwar ɗaki. Ɗansa Zakiru ya ƙi sana'ar, ya sayi moto yana kabu-kabu. Tanimu bai roƙe shi ba. Bai saba roƙo ba.

Shekarun baya wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ake kira Mushe Abdulrauf, ya yi wata uku yana zuwa zaurensa da takarda, yana tambayarsa labarin rijiyoyi. Daga baya ya rubuta littattafai uku na almara, a kan wani gari da ke ƙarƙashin ruwa da mutanen cikinsa. Tanimu bai iya boko ba. Ƴarsa Suwaiba ce ta karanta masa su, ɗaya bayan ɗaya, a gindin itacen bedi. Ƙarya ta yi yawa a ciki: sarauniya mai gashin azurfa, shanu masu kiwo cikin ruwa. Amma da aka zo wajen aiki, malamin bai yi ƙarya ba.

Mai shiga tsohuwar rijiya ba ya faɗa mata haka nan, don akwai masu wurin. Zai bugi gungumen bakinta da dagi sau uku, ya dakata, ya ƙara ɗaya. Wannan kira ne, su taso su ba shi wuri. In ya gama aiki, yana tsaye cikin ruwan, sai ya sallame su da wasu kalmomi, su koma. Wanda aka kira ba a sallame shi ba, a tsaye yake yana jira. Bugun dai Tanimu ya nuna wa malamin. Kalmomin ya hana shi, don na gidansu ne. Littafin ya ce kawai mutumin ya sallame su yadda ubansa ya koya masa, sa'annan ya cika shafi biyu da gargaɗi: wanda ba zai sauka ba kada ya buga.

A bazarar bana aka mai da littattafan wasan tele. Kullum bayan la'asar matan unguwa suna taruwa gidan Hawwa'u, ita ce mai tele da fannon hasken rana da batir. Hawwa'u taubashiyar Tanimu ce, ita kaɗai ke iya gaya masa magana. Bai taɓa leƙawa ba, sai ranar da Suwaiba ta ce yau za a nuna shiga rijiya. Ya ɗauki sanda ya tafi, ya tsaya a bakin ƙofa.

“Ku ba tsoho kujera,” in ji Hawwa'u. “Yau an sa shi a tele. Sai dai na telen ya fi ka hanci, kuma yana da haƙora.”

“Ke ma da kika ga masu haƙora ai ba su kula ki ba.”

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce wasan bai kai na Indiya ba, can ko aljana ce sai ta yi rawa. Wata ta ce na Turkiyya sun fi, takobinsu na gaske ne, nan kuwa mutanen ruwan kamar waɗanda aka tsoma cikin garin rogo.

“Ni ba wannan ya dame ni ba,” in ji Suwaiba. “A littafi uwar mai shiga rijiyar ce ke riƙe masa igiya. Nan sun kashe uwar tun kashi na biyu, sun kawo budurwa.”

“To wa zai bar aikinsa ya zo kallon tsohuwa da igiya?” in ji Hawwa'u. “Mu ma nan da ƙyar muke haƙuri da kanmu.”

A cikin tele wani saurayi mai tsabtar hannu ya durƙusa a bakin rijiya da dagi. Tanimu ya yi tsaki, don ko riƙon bai iya ba. Sai saurayin ya buga. Uku. Ya dakata, daidai numfashi biyu. Ɗaya.

Komai na wasan ƙarya ne, wannan kaɗai suka yi daidai.

Ruwa ya yi haske, mutanen rogo suka taso, aka yi kiɗa. Can sai ga saurayin a waje, kayansa a bushe, yana tafiya da budurwar.

“Ina sallamar?” Tanimu ya tambaya.

“An yanke, Baba.”

“Gargaɗin hwa?”

“Shi ma.”

“Haba Tanimu,” in ji Hawwa'u, “mutum ya tsaya yana hira da ruwa? Sai batir ya ƙare ba a yi komi ba.”

Ya juya ya fita.

Kafin mako ya zagayo bugun ya cika gari. Ana yin sa a ƙofar shago, a kan tankin moto, a gindin tukunyar shayi. Uku, a dakata, ɗaya, sai dariya. Wannan bai dami Tanimu ba, ƙofa ƙofa ce. Amma ya ji an ce samari suna hawa moto su tafi rijiyoyin daji, su buga su ɗauka da salula. Ya ce a ransa ba shi ya aike su ba.

Kwana tara da nuna wasan, da hantsi, Intalla ya yi sallama a zaurensa. Buzu ne mai raƙuma, shekara talatin yana shayarwa a rijiyar Samba, kan hanyar Korahane. Tanimu ne ya haƙa ta da hannunsa, zurfinta gaba arba'in da biyu.

“Malam Tanimu, rijiyarka ta hana mu ruwa.”

“Ta ƙafe?”

“Da ta ƙafe da na gane. Ruwa na nan, garau. Likitan dabbobi ya zo ya duba, ya ce babu komi. Amma kwana biyu ke nan, raƙumi zai sa baki, ya ɗaga kai, ya ja da baya. Shanun Fulani ma haka. Rijiya ta gaba yini guda ce, kuma cike take da garken wasu. In ba su sha ba yau, gobe ƙananan za su fara faɗuwa.” Ya gyara rawaninsa, ya rage murya. “Kuma da tsakar rana, in an yi shiru, ana jin motsi a ciki. Kamar mutane da yawa sun gaji da tsayuwa suna sauya ƙafa.”

Tanimu ya kira Zakiru, wanda ke goge moto a ƙofar gida.

“Ka je rijiyar Samba?”

Zakiru ya sunkuyar da kai. Mutum ne mai mata da ƴaƴa uku, amma muryarsa ta yi ƙasa. “Wasa ne, Baba.”

“Da mi ka buga?”

“Da ƙarfen taya.”

“Sau nawa?”

“Ni sau biyu. Amma muna da yawa. Wasu ma daga Korahane suka zo.”

“Ɗauko igiyata.”

Suwaiba ta fito ta tare ƙofa. “Baba, gwiwarka. Ka gaya wa Zakiru kalmomin shi ya sauka, ai shi ya buga.”

“Wanda ya ƙi dagi ba shi cin gadon dagi. Kauce.”

Suka isa rana ta take. Raƙuma da shanu sun kewaye rijiyar daga nesa, duk sun fuskance ta, babu mai kuka ko ɗaya. Ko ƙuda babu a kan kwamin shayarwa, ga shi cike da ruwa. Tanimu ya cire riga, ya ɗaure igiya a ƙugu da cinyoyi. Aka ɗora ta bisa gungume, aka ɗaura ƙarshenta ga raƙumin Intalla. Zakiru ya miƙo masa dagi don ya buga.

“Ajiye. An riga an kira.”

Ya yi bisimilla ya sauka. Ya san bangon nan kamar tafin hannunsa: jan yashi, farin dutse, laka mai sanyi inda ya taɓa kwana uku yana sara. Zafin bazara ya tsaya a sama. Bakin rijiyar ya ƙanƙance har ya koma kamar bakin ludayi. Ƙafarsa ta taɓa ruwa, ya nutse zuwa gwiwa, ya tsaya. Ya jira idonsa ya saba da duhu.

Bai ga kowa ba. Ba a ganinsu, ubansa ma bai taɓa gani ba. Ruwan ake dubawa. In an kira ɗaya, za ka ga ruwan ya loɓa a wuri biyu kusa da bango, daidai inda ƙafafun mai tsayuwa za su kasance. A duk rayuwarsa bai taɓa ganin fiye da huɗu ba.

Yau babu wurin da bai loɓa ba. Daga bango zuwa bango, biyu-biyu, a matse, har jikin gwiwoyinsa. Sun bar masa daidai inda zai tsaya. Ana numfashi a bayan wuyansa, a hankali, babu fushi a ciki. Da fushi ne da ya fi sauƙi. Jira kawai suke a gaya musu abin da aka kira su yi.

Ya fuskanci na gabansa, ya faɗi kalmomin. Loɓawa biyu suka cike, ruwan ya kwanta. Ya juya ga na kusa. Ba a sallamar su a taro, kowa da tasa. Ya yi ta yi. Hasken sama ya gusa daga wannan bango ya koma wancan. Ƙafafunsa suka mutu da sanyi, muryarsa ta dushe. Wajen na sittin ya daina ƙirga. Sau ɗaya harshensa ya sarƙe, kalma ta ɓace masa, duk ruwan ya yi tsit, numfashin bayansa ya tsaya. Ya daɗe yana lalube kafin ta dawo. A nan ne ya san in ya faɗi a wurin, babu mai ƙarasawa a duk ƙasar.

Da na ƙarshe ya tafi, ruwan ya zama ruwa. Ya ɗiba ya kurɓa. Ya kai hannu zai girgiza igiya.

Sai ya ji bugu. Ba daga sama ba. Ta cikin bango ya zo, daga nesa ƙwarai, ta gabas. Uku, shiru, ɗaya. Ya manna kunne ga laka. Ga wani ta kudu, wajen Birnin Lalle. Ga wani ta arewa. Wani na bin wani, kamar mata suna daka a garuruwa daban-daban. Ya tuna la'asar ta yi, kuma ba gidan Hawwa'u kaɗai ke da tele ba.

Aka jawo shi. Bai iya tsayuwa ba, Zakiru ya rungume shi ya zaunar. Intalla ya zubar da ruwan kwami, ya ja sabon ruwa da wasaki ya juye. Wata tsohuwar taguwa ta matso, ta shinshina, ta sa baki. Ba ta ɗago ba. Sai garken ya ɓarke da kuka gaba ɗaya, makiyaya suna ihu suna tare su da sanduna.

Tanimu bai dubi dabbobin ba. Ya dubi ɗansa.

“Akwai esans a moton nan?”

“Akwai, Baba. Gida za mu?”

“Bader Goula, can ma an buga. Naɗe igiyar, kai za ka ɗaura ta gobe.”

Suka hau. Tanimu ya riƙe kafaɗar Zakiru, ya kai baki saitin kunnensa, ya faɗi kalmar farko ta sallamar.

“Maimaita.”

Zakiru ya maimaita.

“Ba haka ba. Kai ba ɗan tele ba ne. Sake.”

Rana tana dukansu, iska mai zafi tana busa, rigar Zakiru ta bushe ƙayau. Wandon tsohon kuwa, daga gwiwa zuwa ƙasa, yana ta ɗiga a kan yashi, har suka ɓace wa Intalla.