Filashin Kawu Daudu

Kwamfuta ɗaya, filashi, caja, sukudireba, gorar ruwa, takardar izini daga ofis. Su ke nan a jakata lokacin da ɗan acaɓa ya bar kwalta ya kama hanyar wani ƙauye bayan Gwiwa.

Babu sabis a ƙaramin asibitin ƙauyen, shi ya sa ake kai gyaran manhaja a filashi, ɗan abin ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta. Kawu Daudu ne ya haɗa shi. Abokin mahaifina ne, shekara goma sha ɗaya yana kula da kwamfutocin asibitocinmu, kuma shi ya samo mini aikin nan bayan na dawo daga karatu a Malesiya.

Hafsatu, ungozomar wurin, ta tarbe ni a bakin ƙofa.

"Injiniya Sadiqa, kin zo da maganin? Wata biyu ke nan kwamfutarmu ta ƙi buga mini jerin masu awo."

"Mu gani tukuna."

Sunayen mata ɗari shida ne a cikin kwamfutar. Duk mai hawan jini akwai jar alama a gefen sunanta, don a tura ta Kazaure kafin naƙuda. Hafsatu ba ta iya riƙe su duka a ka. Alamar take bi.

Gyaran yana zuwa ne a ƙunshi-ƙunshi, kowane da bayaninsa: sunansa, lambarsa, da abin da yake buƙata kafin ya yi aiki. Manhajoji biyu muke da su na girka ƙunshi. Tsohuwar tana karanta bayanin da ke cikin ƙunshin kansa, sabuwar kuma jerin da ke kan filashi take dubawa. Na tambayi kowacce. Tsohuwar ta ce sai da ma'ajiyar bayanai lamba huɗu. Sabuwar ta ce lamba uku ta isa. Uku ce a injin Hafsatu.

Na buɗe jerin. An taɓa shi da hannu.

Bayan tankin ruwa ake ɗan samun sabis. Can na je na kira Kawu Daudu.

"Kawu, barka da rana. Na ga an canza lamba a jerin nan."

"Ni na canza. Da jerin ya ce huɗu, sai manhajar ta ƙi girkawa, tana ta ƙorafi. Na yi mata sulhu da injin."

"Wane irin sulhu, Kawu?"

"Na rubuta mata abin da take son ji, ta yi shiru. Lamba huɗu ba ta hawa tsofaffin injinan nan, sababbi kuwa shekara huɗu ina roƙo. Ko an koya miki roƙo a Malesiya?" Ya yi dariya. "Girka kawai, 'yata. Haka na yi a Roni, ya hau lafiya."

Na yi masa sallama, na kira Saude, ma'aikaciyar jinya a asibitin Roni da ya gyara ɗin.

"Nemo mini wata da kika san tana da hawan jini."

Na ji tana danne-danne.

"Ga ta. Babu alamar. Wannan ma babu. Ta uku ma."

"Yaushe Kawu ya zo?"

"Sati uku. Tun lokacin duk wadda ba ta da ja, gida muke sallamarta."

Ashe gyaran ya ɓatar da jajayen alamomin. Na ce ta ɗauko tsofaffin katunan awo ta fara neman matan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wasunsu a rugage suke, ba su da waya.

Da na koma ciki Hafsatu ta riga ta sa takarda a firinta tana jira.

"To?"

"Ba zan girka ba."

"Wannan doguwar tafiya a banza? Malam Daudu minti goma yake yi."

"Na sani. Ki ci gaba da kwafe jerin da biro. Alamominki suna nan, ki bar su yadda suke."

Ta dube ni, ta dubi jakar. Na zare filashin na sa a aljihu. Ta fito da ni, ta ja ƙofar ɗakin ta rufe, ta murɗa makulli.

"Sai yaushe ke nan?"

"Ban sani ba," na ce. "Gobe zan kai rahoto ofis. Da sunan Kawu a ciki."