Ƙyallen da Ya Dawo Wayam

A ƙauyenmu na Kamisawa, idan ganyen tsaunin gabas ya fara yin ja daga sama yana gangarowa, kowa ya san aiki biyu suka rage kafin dusar ƙanƙara: a kammala shinkafa, a rataye kanya. Kanyarmu kowace ɗaya ta kai dunƙulen hannu, amma baurinta na ɗaure harshe. Sai an fere ta tun tana da tauri, an jera a igiya, iskar sanyi ta busa ta, sannan take komawa zaƙi. Idan aka yi jinkiri ta yi laushi a kan itace, wuƙa ba ta kama ta, an yi asarar shekara ke nan.

Itacen da ya fi kowanne 'ya'ya yana ƙofar gidana, gidan ƙarshe kafin daji. Gwiwoyin da za su hau shi kuma suna jikin Genzo, abokina tun muna yawo babu takalmi. Kowace kaka shi ke hawa tsani ya tsinko, mu zauna a baranda da matata Kikuno mu fere, mu raba biyu. Ba mu taɓa sa rana ba. Da safen da ya dace, sai kawai in gan shi tafe da tsani a kafaɗa.

A wannan shekarar na haƙa dankali mai kyau. Na zaɓi manya na ɗaure a shuɗin ƙyallena, na rataye a ƙofar Genzo lokacin da na san ya fita, kamar yadda ake yi, don kada in ɗora masa nauyin dafa shayi. Ƙyallen kowane gida sananne ne. Wanda ya samu ƙunshi zai mayar da ƙyallen da wani abu a ciki, ko ƙwai biyu ne, wancan kuma idan an haɗu, godiya ce za ta fara fita daga bakinsa kafin gaisuwa.

Washegari muka dawo daga gonar gangare, na tarar da ƙyallena a yashe a kan dakali. Babu komai a ciki. Ko ninkewa ba a yi ba, ga kuma ɗan taɓo a gefe.

Na daɗe ina kallonsa. Tun da nake, sau ɗaya na ji an mayar da ƙyalle wayam, zamanin kakannina, a kan rikicin ruwan fadama, kuma gidajen nan biyu har yau ba sa zama kusa da juna a wurin jana'iza. Kikuno ta ce in je in tambaye shi mana, ai ba nisa. Na ce mata mace mai shekarunta bai kamata ta faɗi haka ba. Mutum ya je ya tambayi abokinsa ina tukuicinsa? Gara in haɗiye ƙyallen.

Da la'asar na je bencin tashar bas, inda tsofaffi ke zama ko da babu mai niyyar tafiya. Genzo na can da karensa. Ya yi godiyar dankali yadda ya kamata, har ya ce ya yi gari. Sai ya yi shiru yana dubana, kamar mai jiran wani abu. Ni ma na yi shiru ina dubansa. Da shirun ya yi yawa, na ce sanyi ya shigo da wuri bana.

Ya ce haka ne, ya shigo da wuri, har ta inda ba a zata ba.

Na ce ƙwaron wari ya cika mana tagogi, tsofaffi kuwa sun ce shekarar da ya yi yawa ƙanƙara kan rufe ƙofa. Ya ce shi ma ya lura, kuma akwai ƙofofin da tun yanzu sun fara rufewa. Na ce agwagin daji sun wuce jiya da yamma, suna ta kiran juna, gwanin sha'awa, tsuntsaye ma sun san zumunci. Ya ce ƙwarai, in ɗaya ya yi kira ɗayan kan amsa. Tsohuwa Umeno mai sayar da taba, wadda ke zaune a tsakaninmu, ta ce ita dai ba ta taɓa jin an yi hirar agwagi da irin wannan fuska ba.

Ya kamata in faɗi cewa Genzo shi ne mai gadin birai na ƙauye. Hukumar gari ta ba shi jar hula da buhun 'yan rokokin wuta masu ƙara, in garke ya sauko gonaki ya harba ya kore su. Yana ɗaukar aikin nan da girma fiye da yadda aka ba shi. A ranar, don ya kauce wa idona, ya juya ga Umeno ya fara ba ta labarin wani tsohon biri mai yagaggen kunne, wanda garke ya kora, ya addabi gonakin kabeji tun bazara. Ya ce ya yi masa harbi ɗaya a gindin gada, daga nan ba a sake ganinsa a gonar kowa ba. Biri ma ya san wanda ya fi ƙarfinsa.

Na koma gida na yanke shawara. Idan Genzo ya manta da tarbiyya, zan tuna masa da ita ta hanyar da ta dace. Na ɗauki kabewar da na ware don baje kolin gari, wadda sai da ƙyar ƙyallen ya rufe ta, na rataye masa. Kikuno ta ce ƙusar ƙofar mutane zan karya.

Ƙyallen ya dawo wayam. Wannan karon a ƙarƙashin dakali ma na same shi.

Na aika da sabuwar shinkafa. Na aika da zumar da surukina ya kawo daga birni. Kullum Genzo ya yi godiya a benci, godiyar tana ƙara tsawo, fuskarsa tana ƙara tsukewa, sannan ya yi shirun nan nasa. Har ya rame. Na ce a raina kunya ce ke cinsa, kuma ta yi daidai. Hirarmu ta koma kan sama kaɗai. Mun tattauna hazon safe, mun tattauna raɓar da ta fara daskarewa a kan ganyen kabeji, mun yi gardama mai zafi a kan ko barewar da ke kuka a tsauni ɗaya ce ko biyu. Ya daina ce mini Tatsu-chan, sunan da yake kirana da shi tun muna yara. Na koma Tatsuji-san, kamar mai karɓar haraji.

Kanya kuwa ba ta jiran kowa. Ta yi jawur, hankaki sun fara zagaya ta. Iskar da muke jira ta taso daga arewa, busasshiya, mai tsaga leɓe. Gidaje duk sun rataye tasu, baranda bayan baranda. Kowace safiya nakan leƙa hanya, babu tsani, babu Genzo.

“Tsoho,” in ji Kikuno, tana matsa wata da ta faɗo, “wannan ta fara laushi. Ko ka je ka sunkuyar da kai, ko mu ci hirar agwagi da sanyin bana.”

Na ce ai ba Genzo kaɗai aka haifa da ƙafafu ba.

Da safen da motar kanti mai yawo ƙauyuka ta zo, Kikuno ta tafi sayen kifi. Na fasa zuwa gona, na jawo tsohon tsaninmu daga rumbu, na jingina shi ta bayan itacen. Hawan bai ba ni wuya ba, har na yi mamakin abin da ake yaba wa Genzo a kai. Na zauna a kan babban reshe na tsinki guda uku. Da na juyo don in sauka, sai na ga ƙasa ta yi nisa fiye da inda na bar ta. Na miƙa ƙafa, gwiwa ta ƙi. Na sake miƙawa, dunduniyata ta ture tsanin, ya kwanta a cikin ciyawa a hankali, ko ƙara bai yi ba.

Ina nan rungume da reshe, ina tunanin abin da zan gaya wa Kikuno, sai na hango jar hula tana tahowa. Genzo ne, ba kare, yana tafe yana waige-waige. A hannunsa shuɗin ƙyallena ne, a cike, har yana rinjayarsa gefe. Ya tsaya a ƙofata ya kasa kunne. Ya rataye ƙunshin, ya gyara ƙullin, ya ja da baya ya rusuna wa ƙofar, ƙofar da babu kowa a bayanta. Na ji ya yi ajiyar zuciya, ya juya ya kama hanya.

Bai kai kwanar rumbu ba, tulin itacen girkina ya motsa. Wani tsohon biri ya fito, mai jar fuska da yagaggen kunne, ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace. Bai yi sauri ba. Ya hau dakalina kamar mai gida, ya sauke ƙunshin, ya kwance ƙullin da yatsu biyu. Curin shinkafa ne mai lulluɓin jan wake, irin wanda marigayiya matar Genzo take yi, wanda shi bai taɓa yarda ya iya ba. Birin ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya kai baki.

Abubuwa biyu suka taso mini a maƙogwaro, neman taimako da abin da ya riga shi wajaba. Ba a fara magana da mutum da roƙo alhali akwai godiyarsa a bakinka.

“Gen-chan!” na kira. “Na gode da na rannan!”

Ya tsaya cak. Ya duba hagu, ya duba dama, ya duba gona. Na ce ya duba sama. Ya ɗaga kai ya gan ni a cikin kanya. Na nuna masa dakali da haɓa, don hannuwana ba su da sukuni. Ya juya. Shi da birin suka kalli juna. Birin ya cusa curi biyu a kumatu, ya rungumi sauran, ya bi ta gefen ƙafar mai gadin birai na ƙauye, ya shige daji yana rangaji.

Genzo ya cire jar hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Ya zo gindin itacen, amma bai taɓa tsanin ba. Ya tambaye ni wane na rannan nake nufi, domin suna da yawa. Na ce ya faɗa mini, ina saurare, ba inda za ni.

Ya fara da ƙwai, na yi godiya. Ya ce da busasshen kifin rafi, wanda ya tsaya cikin ruwan sanyi har ƙugu kafin ya kama. Na yi godiya. Ya ce da ya ga ban ce komai ba, ya ɗauka abin ya yi mini kaɗan, ga shi kuma ina ta aiko da manya, shi ya sa ya hau can ƙarƙashin itatuwan tsauni, wurin da ko ɗansa bai nuna wa ba, ya tono naman kazan nan mai ƙamshi da ba a samu sai an yi sa'a, guda biyar, ko ɗaya bai ɗanɗana ba.

A nan na kusa sakin reshen. “Biri ya ci wannan?”

“Ka yi godiya tukuna, Tatsu-chan.”

Na rusuna iyakar yadda mai rungume da itace zai iya. Sannan ya ɗaga tsanin, ya riƙe, ya riƙa gaya mini inda zan sa kowace ƙafa, yana cewa tsohon banza, wa ya aike ka. Da na taka ƙasa muka yi yarjejeniya: ni ban ga biri ba, shi bai ga kowa a kan itace ba. Muna cikin ƙulla ta muka ji tari a bayanmu. Kikuno ce, da kifinta a hannu, kuma ga alama ta daɗe a tsaye. Ta ce ita ba ta cikin yarjejeniyar kowa, kuma Umeno na jiranta.

A ranar Genzo ya hau. Kusan kashi ɗaya cikin uku ta riga ta yi laushi, muka bar wa hankaki. Sauran muka zauna muka fere har hannuwanmu suka yi baƙi. Ya bar guda ɗaya a can ƙololuwa, kamar yadda ake bari don itacen ya sake haihuwa. Muka koma gardamar barewa, ya ce biyu ce, na ce ɗaya ce mai yawan surutu. Kafin yamma duk ƙauye ya san dalilin da ya sa kabejin kowa ya tsira bana, har wani ya kawo shawarar a karɓi jar hular a ba ƙofata.

Na kafa ƙugiya a cikin akwatin katako mai murfi, na gaya wa kowa nan ne wurin ƙunshi daga yau. Shuɗin ƙyallen kuma Kikuno ta wanke ta shanya a baranda, iska ta jefo shi kan dakali.

Da safe Genzo ya zo ɗaukar rabonsa, muka same shi a wurin. A tsakiyar ƙyallen akwai kanya ɗaya, ta ƙololuwar nan, an gatsa sau ɗaya, gatsar biri, an yar saboda bauri. Genzo ya tsuguna ya dube ta da kyau. Ya ce to, a ƙarshe dai an mayar da ƙyalle da abu a ciki, saura in san yadda zan yi in isar da godiya.