Doguwar Waya Zuwa Ɗakin Tela

"Har yanzu allon baƙi ne," matar Tela ta ce daga cikin ɗaki. "Sai wani ɗan rubutu da ke yawo."

Shawuya, maƙwabcinsu, na tsaye a baranda, guduma a hannu. Bai shiga ba. Ya ɗaga murya ya ce ta sake danna rimot ɗin, ta danna da ƙarfi, ta daina tausayinsa.

Shi ya ja wayar haɗa kwamfuta da talabijin da safe, shi kaɗai, da tsufansa. Daga tagar ɗakinsa, inda kwamfutar 'yarsa take, ya bi da ita jikin bangon baranda, ya zagaya bayan tankin ruwa, ya haura saman ƙofar kicin, yana kafe ta da ƙananan ƙusoshi har ramin iska na ɗakin Tela. Nan ya zura kan, matar ta karɓa daga ciki ta soka a bayan talabijin. Layi miƙe sambal. Samarin yanzu da takardunsu ba za su iya irinsa ba.

Ba don ado aka yi aikin ba. Asibiti sun ce a mai da Tela gida, kowa kuwa ya gane nufinsu. Autarsa na can nesa, an yi mata aiki wajen haihuwa, ba halin tafiya. Tela bai roƙi komai ba sai ganin fuskarta da ta jaririn. Amma ɗakinsa na ƙuryar gida, sabis ba ya shiga, kuma zura zare a allura ya cinye masa ido, ba ya gane mutum a allon wayar hannu sai a babban allo. Sabis kuwa a tagar Shawuya kawai yake tsayawa.

Shawuya ba mutumin tsoro ba ne, a tambayi kowa. Ya faɗo daga saman bene yana aikin gini, ya tashi ya karkaɗe riga. Mota ta kife da su, shi kaɗai ya fito da ƙafafunsa. Bai taɓa zama a aji ba, kuma ya binne waɗanda suka zauna. Sai dai tun da Tela ya kwanta bai taka ƙofar ɗakin nan ba. Ya ce warin magani ke sa shi atishawa. Sa'o'insa duk sun tafi, Tela kaɗai ya rage. A ransa yana jin akwai abin da ke zaune a ɗakin yana jira, kuma in ya gan shi zai tuna akwai saura.

Da yamma 'yarsa Nas ta dawo daga aiki, ko takalmi ba ta cire ba ta zauna gaban kwamfuta. Ta kashe ta kunna. Ta rage girman hoton. Ta je ɗakin Tela ta canja ramin da aka soka wayar, ta dawo fuskarta ba yadda ta tafi ba.

"Baba, numfashinsa ya canja."

"Talabijin ɗin ce tsohuwa," in ji Shawuya. "Tun da na gan ta na san ba ta da ƙashi."

"Lafiyarta ƙalau."

Kwamfutar ta yi ƙara. Auta ce, kwance jikin matashi, jariri a ƙirjinta. "Anti, yana ganina?"

"Saura kaɗan. Kada ki kashe."

Nas ta zare kan wayar ta kai shi kusa da idonta. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, da ka zo ja, wane kai ka fara ɗauka?"

"Kai ai kai ne. Iri ɗaya suke."

"Gajerun wayoyi ne haka. Irin wannan doguwar kuwa, hanya ɗaya take bi, ba ta komawa. Ga shi an rubuta, wannan kan na talabijin ne. Na kwamfuta yana can wurinsu."

Ya ga rubutun da safe, ya ɗauka sunan masu ƙera ta ne.

"To wane mahaukaci ne zai yi waya mai gaba da baya, kuma bai sa mata kala ba?"

"Ka yi faɗan daga baya. Cire ta."

Ya kafe ta ne kafewar da ba a yi don cirewa ba. Ya ɗauko filaya ya hau kujera. Ƙusa ta farko ta fito da guntun siminti. Ya kama ta biyu. Yana matsawa kusa da ƙuryar gida, sautin numfashin Tela na ƙara fitowa ta ramin iska: ja mai tsawo, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, sai shiru. A cikin shirun Shawuya yakan tsaya cak, ƙusa a baki, har sai an sake ja.

"Maƙwabci," matar Tela ta kira a hankali, "ku yi sauri don Allah."

Bai ƙara bi a hankali ba. Ya fizge sauran, fenti na zubo masa a ka. Nas ta kama kan wayar na kwamfuta ta koma da gudu, ta bar shi da ɗaya kan a hannu, a bakin ƙofa.

"Karɓi," ya ce wa matar, yana miƙa hannu ta labule.

"Ba zan saki maigida ba. Shigo."

Ya shiga.

Tela ya ƙanƙance, kamar an ɗinke shi an rage. Keken ɗinkinsa na gefe an rufe da zane. Matar na zaune a bakin gado, kansa a cinyarta. Shawuya bai kalli kusurwoyin ɗakin ba. Ya wuce kai tsaye bayan talabijin, ya laluba, ya soka.

Allon ya yi ƙyaf, ya kawo haske, ya ɗauke.

Wayar ta biyo ƙasa yanzu, ta ƙofa, tsawonta da ƙyar ya kai. Nauyinta na janye kan daga ramin. Ya sake turawa ya riƙe. Fuskar Auta ta cika allon, babba, har ana ganin jan idonta. Ya sassauta yatsa kaɗan, duhu ya dawo. Ya danna ya tsaya, gwiwarsa na gugar ƙarfen gadon. Ba inda za shi.

Idon Tela ya buɗe. Ba allon ya fara kallo ba.

"Sarkin cika baki," ya ce, murya kamar iska. "Ka iso."

"Aiki ya riƙe ni. Kalli can, ba ni ba."

"Baba," in ji Auta ta cikin talabijin. "Baba, ni ce. Ga shi nan. Hancinka ya ɗauko, duk an ce." Ta ɗaga jaririn. Ita ba ta ganin ɗakin, ba ta kuma jin sa. Bangon ɗakin Shawuya kawai take gani da fuskar Nas. "Anti, yana ganina?"

Nas ta ƙwala tambayar ta baranda. Shawuya ya kalli gadon. Leɓen Tela na motsi, yatsunsa biyu sun ɗago daga bargo, suna auna wani abu a iska, kamar faɗin kafaɗar ƙaramar riga.

"Yana gani," Shawuya ya amsa da ƙarfi. "Ki ce ta ci gaba."

Auta ta ci gaba. Ta ba shi labarin haihuwar, da yadda yaron ke ƙin barci, da ranar da za ta zo in ɗinkin ya warke. Aka ja numfashi, aka yi shiru. Shawuya ya jira. Kafaɗarsa ta fara zafi, gumi na bin bayansa. Ya jira ja na gaba kamar yadda ya jira a kan kujera.

Matar ta sa tafin hannu a ƙirjin mijinta. Ta ɗago ta kalli Shawuya, ta girgiza kai, sannan ta kai yatsa bakinta ta nuna allon.

"Baba, ka ji?" in ji Auta. "Bari ka ga ƙafarsa."

Shawuya bai saki wayar ba. A allon, Auta na warware zanen a hankali, wata 'yar ƙafa ta fito tana shure-shure, haskenta na motsi a kan bargon.