Garkuwar Aro

Mode yana bisa ƙafar tanki ta uku, yana gurzar bakin ƙarfe da giranda, sai ya ji wani abu ya soke shi a idon hagu kamar ƙayar aduwa. Bai saki injin ba. Shekara ashirin da biyu a sana'ar walda sun koya masa cewa wanda ya saki giranda tana juyawa, na ƙasa ya yi wa ta'asa. Ya runtse idon, hawaye mai zafi ya gangaro masa har cikin gemu, ya ci gaba da aiki da ido ɗaya, domin can ƙasa janareto yana ta ruri, yana shanye lita huɗun da aka auno masa da safe.

Tun da aka cire tallafin mai haka aikin ya koma. Da can mai walda yakan tsaya ya duba, ya goge zufa, ya gyara tsayuwa. Yanzu da zarar an ja igiyar janareto, kowa sai ya zama kamar wanda ake kora. Tabaransa na kare ido ya fashe tun makon farko, kuma zuwa Wurno neman wani yana nufin asarar wuni guda.

Aikin na rijiyar burtsatse ce mai amfani da hasken rana, a nan Kwargaba, mahaifar Mode. Wata hukumar tarayya ce ta ba wani kamfani a Abuja. Kamfanin ya sayar wa wani Alhaji a Sakkwato, Alhaji ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa Khalid, Khalid kuma ya nemo Mode ya ɗora masa ƙarafa. Kowa ya ɓare nasa ɓawon kamar albasa, abin da ya iso hannun mai aiki bai taka kara ya karya ba. Shi Khalid bai taɓa riƙe guduma ba, wayoyi biyu ne sana'arsa, kuma amsa ɗaya gare shi ga kowace tambaya. In an ce ina safar hannu, haraji. In an ce ina garkuwar fuska mai baƙin gilashi da ya yi alkawari, haraji ya cinye. Har ma'aikata suka laƙaba masa suna Sarkin Haraji, a bayan idonsa.

Sai da janareto ya yi tari ya mutu don kansa sannan Mode ya sauko. Ranar Litinin ce. Baƙin hukuma za su zo duba aiki ranar Alhamis, ga saman tanki ba a haɗa ba.

* * *

Masu walda suna da nasu asibitin. Da ya isa gida bayan la'asar, ya sa matarsa Mashkura ta ɗauko mayen ƙarfen da ya ciro daga tsohuwar sifika, wanda yake ajiyewa a gwangwanin madara don irin wannan rana. Ya kwanta rigingine a tabarma, ya ɗora kai a cinyarta, ta buɗe masa fatar idon da yatsu biyu, ta kawo mayen kusa tana juya shi a hankali kamar yadda ta saba. Da ta ɗaga, sai ga wani baƙin ɗigo maƙale a jikinsa, bai kai ƙwayar gero ba.

Mode ya yi hamdala ya tashi zaune. Sau nawa aka yi haka ya warke? Amma Mashkura ba ta saki fuska ba. Ta ce ta ga wani ɗan tabo a tsakiyar baƙin idon, wanda bai motsa ba ko da mayen ya zo daf da shi.

"Maigida, ka tai asibitin Wurno wurin Simeon shi duba ma. Wanga bai yi kama da na kullum ba."

"Mi za shi gani wanda ba ki gani ba? Ga abu ya hita. In anka wuce Alhamis ni tai."

Ta sake magana, ya ce mata ita da kanta ta fi kowa sanin tafiyar da mata suke yi zuwa fadama ɗebo ruwa, in baƙi suka tarar da aiki rabi, sai su rubuta ba a gama ba, tankin ya shekara uku a tsaye babu ɗigo, kamar na ƙauyen da ke gaba da su. Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Ta jiƙa tsumma da ruwan randa ta ɗora masa.

Talata ya yi aiki. Laraba ya yi aiki, idon ya kumbura ya yi jajir, hasken walda yana shiga masa har ƙeya. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ai an cire, sauran raɗaɗi ne. A ransa kuwa tsoro ya fara shiga, don in ya rufe na dama, abin da yake gani da na hagu kamar mai leƙe ta cikin ruwan koko ne.

* * *

Ranar Alhamis da hantsi Khalid ya iso da kwalaye uku a bayan mota. Aka buɗe, sai ga huluna masu ruwan ɗorawa, riguna masu ƙyalli, safar hannu ta fata, da garkuwar walda sabuwa fil, ko ledarta ba a cire ba. Ma'aikata suka tsaya suna kallon juna. Ashe haraji bai cinye ba.

Khalid yana raba kaya har ya zo kan Mode, ya dubi fuskarsa, ya ja da baya.

"Subhanallahi. Oga Mode, mi na na ga idonka?"

Mode ya gaya masa. Khalid ya dubi hanya, ya dubi agogo, sannan ya yage ledar garkuwar da kansa, ya ɗaura wa Mode a kai, ya sauke ta ta rufe fuskar ruf.

"Don Allah kak ka ɗaga ta sai sun tahi. Ka riƙa sandar walda kamar kana aiki. In sunka ga wanga ido, mu duka mun shiga uku."

Abin da ya fi ba Mode haushi daga baya shi ne daɗin da ya ji. A cikin garkuwar akwai duhu mai sanyi, karo na farko cikin kwana uku da rana ta daina sukar idonsa. Ya tsaya a gindin tankin da ya gina yana jin ƙamshin sabuwar roba, yana tunanin ashe haka ake walda a inda ake ɗaukar mai walda mutum.

Baƙin su huɗu ne. Ta cikin baƙin gilashi inuwarsu kawai yake gani. Wata mata a cikinsu mai riƙe da takardu ta tambaya ko duk ma'aikata suna da rajistar diyya kamar yadda doka ta ce, Khalid ya ce ƙwarai. Ta tambaya ko an taɓa samun rauni a wurin, ya ce ko ƙwarzane. Sai ta matso kusa da Mode, ta ce da shi cikin Hausar mutanen gabas, "Malam, ana ba ku kayan kariya kullum?"

Hannunsa ɗaya ba komai a ciki. Ɗaga garkuwar bai fi ƙiftawar ido ba. Amma ya san abin da zai biyo baya: a dakatar da aikin, a ce mutumin Kwargaba ne ya hana Kwargaba ruwa, kuma daga Wurno har Rabah da Goronyo ba ɗan kwangilar da zai sake kiran mai walda mai tona asiri. Ya gyaɗa kai, garkuwar ta gyaɗa tare da shi. Aka ɗauki hoto.

Ƙurar motarsu ba ta gama kwantawa ba Khalid ya bi kowa ya karɓe kaya. Ya goge gilashin garkuwar da hannun rigarsa ya mayar cikin kwali, ya ce gobe akwai wani duba aikin a wajen Goronyo.

* * *

Washegari Juma'a Mode da Mashkura suka tafi Wurno. Simeon, ma'aikacin lafiya ɗan kudancin Kaduna da ya shekara tara a Wurno, yana haska idon da tocila ya ajiye ta. Bai yi faɗa ba, ya dai rubuta takarda ya ce su kama hanyar Sakkwato yanzu, ko sallar Juma'a su yi ta a can. A Sakkwato likita ya ce abin da mayen ƙarfe ya ɗauko ɓurɓushin sama ne, ainihin tsinin ya huda ya shige ciki, ya yi kwana huɗu yana ruɓar da idon. Da ranar Litinin aka zo, da akwai magana. Yanzu sai dai a cire idon, don a tsirar da na dama.

Mode bai yi kuka ba sai da ya ji Mashkura tana ba likita haƙuri, kamar ita ta yi laifi.

Simeon ne ya gaya musu akwai dokar da ta ce a biya ma'aikaci diyya in ya nakasa a bakin aiki. Da Khalid ya zo dubiya da ledar lemo, Mashkura ta tayar da maganar daga bayan labule. Khalid ya sunkuyar da kai ya ce rajista kam an yi, sunaye shida aka tura, amma na mutanen gidan Alhaji ne, har da direbansa da mai yi masa guga. Irin su Oga Mode 'yan aikin wuni ne, takarda ba ta san da su ba. Ya ƙara da cewa ko an kai ƙara, hoton hukuma ya nuna mai walda da garkuwarsa. Ya yi addu'ar Allah ya sa kaffara ne, ya tafi.

* * *

Sati uku bayan haka aka saki ruwa a Kwargaba. Mode yana zaune a inuwar zaure da auduga a rabin fuska, yana jin guɗar mata daga nesa. Bai je ba. Can sai ga 'yarsa Rumaisa, 'yar shekara biyar, ta shigo da gudu riƙe da kofin silba da hannu biyu, rabin ruwan ya zube a rigarta.

"Baba, ga ruwan tankinka. Inna ta ce kai za ka hwara sha."

Ya miƙa hannu ya kama iska, kofin yana gaba da inda ya zata da kamar taƙi guda. Ya sake miƙawa, yatsunsa suka bugi gefen kofin, ya kife a ƙasa. Rumaisa ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauka wasa yake yi mata. Mode ya yi dariyar shi ma, ya lalubo kofin ya miƙa mata, ya ce ta koma ta ɗebo wani. Ta fita da gudu, shi kuma ya zauna yana kallon ƙasa tana shanye ruwan.